Takardar Mara Lafiya a Kwanakin Zanga-zanga

Na tafi Khartoum karatun likitanci da niyyar da kowane ɗalibi baƙo yake zuwa da ita, wato in yi abin da ya kawo ni, in kame bakina daga siyasar masu gida, in karɓi takardata in koma Kano. Ina aji biyar lokacin da mutanen garin Atbara da ke arewacin Sudan suka fito kan titi ranar 19 ga Disamba 2018, bayan burodin da ake saye fam ɗaya ya koma fam uku, kuma kafin mako ya zagayo wutar ta iso babban birni. An dakatar da darussa, manyanmu suka yi ta jan kunnenmu cewa kada wani baƙo ya kusanci taro, ni kuwa sai na ci gaba da zuwa asibitin da nake koyon aiki, domin zaman ɗaki ya ishe ni, su kuma suna neman hannu a ɗakin agajin gaggawa.

A can ne, wata ranar Alhamis cikin watan Janairu, aka shigo da wani saurayi da bai wuce shekara goma sha tara ba, jini ya jiƙe rigarsa har ƙugu. Mahaifiyarsa ta biyo shi ba takalmi, tana salati da Larabci, sai da ta durƙusa kusa da gadon na ji ta ce da Hausa, "Wayyo ɗana, me ya kai ka?" Ashe mutanen Maiurno ne, wani gari a Sudan, jikokin waɗanda suka yi hijira gabas bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Na ce mata, "Inna, ki kwantar da hankalinki, yana numfashi." Ta ɗago ta dube ni kamar wadda ta ga ɗan ɗakinsu, ta riƙe gefen farar rigata har aka gama ɗinki.

Ni aka sa na cika takardarsa, na kuwa rubuta layi ɗaya cewa ya ji rauni a kai. Babban likitan da ke kula da mu, dattijo ne mai ƙarancin magana, ya karanta ya mayar mini da ita, ya tambaye ni wane gefen kai ne, tsawon raunin nawa, bakinsa a tsage yake ko a ƙone, ƙarfe nawa aka kawo shi, kuma me waɗanda suka ɗauko shi suka ce ya same shi. Na ji haushi a raina, domin mutum bakwai na kwance suna jira, na ɗauka ƙa'idar jarrabawa ce kawai yake son nuna mini. Na sake rubutawa: gefen hagu sama da kunne, santimita shida, da alamar ƙuna a kewaye, abokansa sun ce gwangwanin barkonon tsohuwa aka harba masa daga kusa. Ya sa hannu a ƙasa, ya ce mini ciwon zai warke cikin wata guda, amma takardar za a iya nemanta bayan shekara goma.

Ban gane nufinsa sosai ba sai da labarin Ahmed al-Khair ya fito a farkon Fabrairu. Malamin makaranta ne a Khashm al-Girba ta jihar Kassala, ya rasu a hannun jami'an leƙen asiri, aka fara cewa gurɓataccen abinci ya ci. Binciken gawa ne ya nuna dūka da azabtarwa, kuma a ƙarshen Disamba 2019 kotu a Omdurman ta yanke wa jami'ai 29 hukuncin kisa. Da a ce wanda ya duba gawar ya yi irin rubutuna na layi ɗaya, da maganar abinci ce za ta zauna.

An sauke shugaba Umar al-Bashir ranar 11 ga Afrilu 2019, matasa suka ci gaba da zaman dirshan a gaban hedikwatar sojoji suna neman mulkin farar hula, har zuwa asubahin 3 ga Yuni, ana jajibirin ƙaramar Sallah, lokacin da aka far musu. Ba zan bayyana abin da na gani a asibiti ranar ba. Abin da ya biyo baya shi ne gardamar lissafi: kwamitin likitoci ya ce an kashe fiye da mutum 100, ciki har da gawawwakin da aka tsamo daga kogin Nilu, ma'aikatar lafiya ta ce 61, aka kuma yanke intanet sama da wata guda. An kafa kwamitin bincike ƙarƙashin lauya Nabil Adib, amma har yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 bai fitar da rahotonsa na ƙarshe ba.

Shi ya sa da zanga-zangar EndSARS, ta neman a rusa rundunar 'yan sanda ta SARS, ta taso a gida cikin Oktoban 2020, ban kalle ta da idon da wasu abokaina suka kalle ta ba. A ɗakin kwananmu an yi musu mai zafi, wasu na cewa rigimar 'yan Kudu ce, mu a Arewa 'yan bindiga ne damuwarmu, kuma ban ce ba su da hujja ba, domin cikinmu akwai wanda aka sace ƙanensa a hanyar Birnin Gwari. Sai dai daren 20 ga Oktoba, da muka taru kan waya ɗaya muna kallon sojoji suna harbi a mashigar Lekki ta Legas, na riga na san abin da za a wayi gari ana jayayya a kai. Ƙungiyar Amnesty ta ce aƙalla mutum 12 aka kashe a Lekki da Alausa, ministan yaɗa labarai na lokacin Lai Mohammed ya musanta, ya kira shi kisan kiyashin da ba a ga gawa ba, sai bayan shekara guda kwamitin Mai Shari'a Doris Okuwobi ya ce lallai an kashe masu zanga-zanga a wurin. Tunanina duk ya tafi kan ƙananan likitoci irina da suka karɓi raunuka a asibitocin Legas cikin daren nan, ko sun sami dattijon da zai mayar musu da takarda.

Cikin waɗannan makonni ne Innar nan ta Maiurno ta dawo asibiti tana nemana, ta ce wasu lauyoyi na tattara bayanan waɗanda aka raunata, ɗanta kuma kunnensa na hagu bai ƙara ji ba. Muka sauka ɗakin ajiyar fayil, muka shafe kusan awa biyu cikin ƙura kafin mu samo takardar, rubutuna na farko da aka soke yana nan a sama, na biyun a ƙasa da sa hannun dattijon. Aka buga mata kwafi da hatimi, ta ninke shi huɗu ta ƙulle a bakin mayafinta, sannan ta tambaye ni ko a Kano ma ana dama kunun tsamiya da azumi.