Idan tsohuwar manhajar gyaran hoto ta riƙa rufe kanta a sabuwar kwamfuta

Abin da akasarin mutane ke fara yi shi ne cire manhajar su sake saka ta, kuma sau da yawa aikin banza ne. Dalili kuwa, fayil ɗin saituttukanta yana cikin foldar AppData, wadda cirewa ba ta taɓawa, direban da ke kashe ta ma, wato manhajar da ke sarrafa wata na'ura kamar katin hoto, yana nan inda yake. Kafin ka taɓa komai, ka lura da lokacin da take mutuwa: wajen sakawa ne, ko da zarar ta buɗe, ko sai an ɗora mata hoto, ko wajen ajiyewa. Kowanne da nasa sanadin.

Windows na rubuta duk mutuwar manhaja. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta eventvwr, ka shiga Windows Logs, sannan Application. Nemi kuskure mai lamba 1000 wanda ya yi daidai da lokacin da abin ya faru. Layin da ake buƙata shi ne Faulting module name, wato sunan fayil ɗin da manhajar ta mutu a cikinsa. Lambar 0xc0000005 da za ka yawan gani a ƙasansa tana nufin manhajar ta taɓa wani sashe na RAM da ba nata ba, kuma ita kaɗai ba ta nuna mai laifi. Sunan fayil ɗin ne ke nunawa. Idan ka ga nvoglv32.dll, direban katin hoto na NVIDIA ne, atioglxx.dll na AMD ne. Idan sunan ya ƙare da .8bf, wani ƙarin tacen hoto ne da aka liƙa wa manhajar. Idan msvcr80.dll ne ko msvcr90.dll, ka sake saka Visual C++ na 2005 ko na 2008, kuma nau'in x86 idan manhajar mai bit 32 ce, ko da Windows ɗinka mai bit 64 ce. A nan mutane da yawa ke kuskure.

Katin hoto shi ne babban abin zargi ga manhajojin da suka fito daga 2008 zuwa sama. A shekarar ce Photoshop CS4 ta fara jingina zanen allo ga katin ta hanyar OpenGL, kuma direbobin yau ba a gwada su da waɗannan tsofaffin. Gwajin mai sauƙi ne: shiga Preferences, sannan Performance, ka cire alamar da ke kan Enable OpenGL Drawing, ko Use Graphics Processor idan CS6 ce, ka rufe ka sake buɗewa. In mutuwar ta tsaya, ka gano bakin zaren. Za ka rasa santsin zuƙo hoto da juya shi, amma akasarin kayan gyaran za su ci gaba da aiki. A laftof mai kati biyu, wani lokaci sauyawa daga wannan zuwa wancan ne ke kawo matsalar, sai ka shiga Settings, System, Display, Graphics, ka ɗaure manhajar a kan guda ɗaya.

Idan ba ta ma bari ka kai ga Preferences ba fa? A Photoshop, riƙe Ctrl da Alt da Shift tare nan take bayan ka danna ta, za ta tambaye ka ko ta goge fayil ɗin saituttuka, ka amsa da e. Wanda ya kwafo saituttuka daga tsohuwar kwamfuta ya fi kowa buƙatar wannan, domin fayil ɗin yana ambaton ma'adana (hard disk) da firinta da babu su a sabuwar.

Akwai wata matsala mai ban dariya da Photoshop 7.0 ta 2002 ke da ita. Idan filin da ya rage a ma'adana ya wuce terabait 1, lissafinta yana rikicewa, sai ta ce ma'adanar wucin gadinta ta cika, ta ƙi buɗewa. Yawan fili ne ya zame mata matsala. Maganin shi ne ka yanki ƙaramin ɓangare a Disk Management, kamar gigabait 50, sannan ka riƙe Ctrl da Alt yayin buɗewa domin ka zaɓe shi.

Wasu abubuwa uku da tsofaffin manhajoji ke lalube lokacin buɗewa su ne salon rubutu, firinta da sikana. Ka karanta ƙananan rubutun da ke wucewa a allon farko; inda ya tsaya, nan ne matsalar. Salon rubutu guda da ya lalace ya isa ya kashe ta, kuma hanyar gano shi ita ce a kwashe rabin waɗanda aka ƙara a gwada, a sake raba rabin da ke da laifi, har a kai gare shi. Firinta kuwa, mayar da Microsoft Print to PDF ya zama na farko ka gani. Na sikana, cire ƙarin TWAIN, wanda ke haɗa manhajar da sikana, daga foldar Plug-ins, ka riƙa sikanin da manhajar sikanar kanta.

Mutuwa wajen buɗe hoto yawanci lissafi ne. Manhaja mai bit 32 ba ta iya amfani da fiye da gigabait 2 na RAM, ko 4 idan an gina ta da damar hakan, ko da kwamfutar na da 32. Hoto mai megafiksel 50 a zurfin bit 16 yana cin kusan megabait 300 a shimfiɗa (layer) ɗaya, kafin a ƙirga tarihin gyara. Shimfiɗa biyar ko shida sun kai ta bango. Rage History States zuwa 10, ka yi aiki a bit 8, ko ka rage girman hoton tun farko. Hotunan HEIC da iPhone ke ɗauka tun 2017 ba ta san su ba sam, sai an mayar da su JPEG ko TIFF. RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto, na sabuwar kyamara kuma a bi da shi ta Adobe DNG Converter, wanda kyauta ne.

Wajen ajiyewa, izini ne ya fi yawa. Manhajojin zamanin XP sun saba rubutu a cikin foldarsu ta Program Files, abin da Windows ta taƙaita tun daga Vista. Gara ka saka ta a folda irin C:\Hoto da ka riƙa buɗe ta a matsayin Administrator kullum, domin hakan na hana jawo hoto daga File Explorer zuwa cikinta. Shafin Compatibility da ke cikin Properties na manhajar yana da amfani, amma ba kamar yadda ake zuzuta shi ba: yana sa Windows ta yi wa manhajar ƙaryar sigarta ne da 'yan gyare-gyare, ba ya gyara direba.

Akwai inda babu dabara. Windows mai bit 64 ba ta gudanar da manhaja mai bit 16, kuma Windows 11 mai bit 64 ce kaɗai. A ɓangaren Mac, Catalina ta 2019 ta daina karɓar masu bit 32 gaba ɗaya, Rosetta 2 ma, mai fassara manhajojin Intel ga sababbin Mac, masu bit 64 kawai take fassarawa. Ga mai Windows, mafita ita ce kwamfutar gizo, wato kwamfutar kwaikwayo da manhajar VirtualBox ke gudanarwa a cikin ta ainihi, a saka mata Windows 7 mai bit 32 da gigabait 4 na RAM, a haɗa folda guda tsakaninta da babbar kwamfutar don musayar hotuna. A katse mata intanet, tunda Microsoft ta daina ba Windows 7 kariya tun Janairun 2020. Amma ka tabbatar manhajar za ta karɓi lasisinta kafin ka sha wannan wahala, domin Adobe ta rufe na'urorin tantance lasisin CS2 da CS3, kuma faifan asali ba zai iya kammala rajista ta intanet ba.