Ƙyalle ne ke riƙe zare: darussa daga ɗinkin allurar caka

Abin da ke fara ba mai koyo mamaki a ɗinkin allurar caka shi ne babu ƙulli ko ɗaya a cikinsa. Allurar bututu ce, zare na shiga ta mariƙinta ya fito ta wata kafa kusa da tsini. Duk sanda aka soka ta a ƙyalle aka zaro, sai ta bar madauki a ɗaya fuskar, kuma matsin saƙar ƙyallen kaɗai ke riƙe da shi. Kusan duk matsalar aikin daga nan take tasowa.

Shi ya sa zaɓen ƙyalle ya fi zaɓen launi muhimmanci. Zaren ulu mai kauri yana son ƙyallen auduga mai sakakkiyar saƙa, mai kafofi kamar 12 a inci guda. Siririn zaren ado mai silli 6, wanda ake rabawa a ɗauki 3 ko ma 1, sai ƙyalle mai matsattsiyar saƙa. In allura ta fi ƙarfin saƙar, zaruruwan ƙyallen tsinkewa suke yi, wurin ya zama rami, rami kuwa ba ya riƙe komai. A ɗame ƙyallen a firam tamau kamar fatar ganga, a riƙa sake ɗamewa, don yana saki yayin aiki.

Hannu ne ya fi ɗaukar lokaci kafin ya saba. A soka allura har mariƙi ya taɓa ƙyalle, ko da yaushe, domin zurfin suka ne ke yanke tsawon madauki, wanda kan kai kusan rabin tsawon allurar. In an zaro, kada tsini ya rabu da ƙyalle. A ja shi a kai zuwa wurin suka na gaba, fiƙaƙƙen bakin yana fuskantar inda aka nufa. Ɗaga shi sama kaɗan ya isa ya janyo madaukin da aka gama. Zaren ma ya zauna sako-sako tsakanin dunƙule da allura. Sau da yawa allura ake ɗora wa laifi, alhali gwiwar hannu ce ta danne zaren.

Da ulu mai kauri, suka 6 a inci sun isa ga layin gefe, 4 ga cikon tsakiya. Mai koyo kan ji tsoron giɓi, sai ya cusa layuka har aikin ya nannaɗe bayan an sauke shi daga firam. Ɗan giɓi tsakanin layuka a fuskar da ake aiki daidai ne, madaukai na bajewa su rufe shi ta gaba. Kuma tunda ta baya ake aiki, zane mai rubutu a juye ake zana shi in fuskar madaukai za a nuna.

Kuskure a nan yana da sauƙin gyara, kuma wannan na cikin abin da ke sa a so sana'ar: a ja zaren ya warware, a kankare wurin da farce kafofin su koma, a sake. Wutsiyoyin zare a tura su fuskar madaukai a datse da almakashi daidai tsayinsu. Daga ƙarshe a shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle a kai a danna dutsen guga ba tare da gogawa ba. Aikin zai kwanta da fuskoki biyu, ɗaya shafaffiya mai fito da layin zane tsaf, ɗaya mai laushi kamar darduma, mai aikin ya zaɓi wadda zai nuna.