Talata, bayan ihun daren jiya

Barci rabi da rabi. Mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya koma ɗigar ruwa, na tara masa bokiti na ƙyale shi. Auta ya sayo tamis da ful, burodi da wake ke nan, ya dawo ba canji, wai mai shago ya ce sai gobe.

Hassan na Maman 'Yan Biyu a wurina ya wuni. Duk wanda ke layinmu a Shara Mansur, nan Makka, ya ji rigimar iyayensa jiya, amma ba kowa ya san shi ya ɗauki wayar uwar ya kira lambar gaggawa 911 ba. Shekararsa 8. Mu manya muna bayan ƙofa muna ta salati.

Ina yanka albasa ya fara ba ni labari, ban ma tambaye shi ba. Larabci ya fi zama a bakinsa, Hausar sai tsinta-tsinta. Wai wanda ya ɗauka sunansa ya fara tambaya, daga nan sai "ya baɗal", wato jarumi, har aka gama. Ya hana shi shiga tsakanin iyayensa, ya ce ya ja Husaini su shige ɗaki su murɗa makulli. In yana tsoron a ji muryarsa, ya riƙa amsa e ko a'a kawai. Akwai wuƙa? Akwai jini? Mama tana magana? Yaro bai san lambar gida ba, sai aka ce ya leƙa taga ya faɗi abin da ya gani. Masallaci mai koriyar ƙofa da mai gasa kaji. Da wannan suka gano gidan, kuma bai bar shi ya kashe wayar ba sai da aka ƙwanƙwasa. Askarin da ya shigo ma wai durƙusawa ya yi kafin ya yi musu magana.

Can ya ce, "Anti, ni na sa aka tafi da Baba ko?"

Na ce, shi askarin me ya ce maka?

"Ya ce ba laifina ba ne, na yi daidai. Amma Goggo ta ce na tona asirin gida."

Albasa ta rufa min asiri.

Ga abin da ya tsaya min a rai. Ni da bakina na koya wa Auta in ya hango motar shurɗa, wato 'yan sanda, ya canja hanya, lokacin da igamarmu, takardar izinin zama, ta mutu muna kwana da tsoron tarhil, wato a kore mu daga ƙasar. An sabunta ta tuni, maganar ce ban taɓa warwarewa ba. Da a gidan nan ne, ko za a kashe ni ba zai kira ba.

Bayan la'asar na rubuta lambobi uku na manna a firij: 911, sai 1919 ta kai ƙarar cin zarafi a gida, da 116111 ta yara. Abbansu ya dawo ya tsaya ya karanta, ya juyo ya dube ni.

"Wannan kuma na mene ne?"

Na ce saboda gobara.

Shinkafa ta kama, haka muka ci.