Rumbun da na gina a Lofa

Kwanakin baya bayan la'asar, wani ɗan maƙwabcina a Samaru ya tare ni a ƙofar masallaci, takardunsa a hannu. "Baba, an ce kun taɓa aiki a waje. Ta ina ake bi? An ce da dala suke biya." Na yi dariya, don tambayar da na fara yi ke nan ni ma a 2005. Ba shi kaɗai ke tambaya ba, shi ya sa na ce bari in rubuta a kan aikin sa-kai a ƙasashen waje.

Idan na ce aikin sa-kai, kada ranku ya tafi ga 'yan sa-kai masu bindiga a daji. Ina nufin mai sana'a a hannu, likita ko injiniya ko malamin gona ko mai gyaran mota, da zai ba da shekara ɗaya ko biyu a ƙasar da yaƙi ko talauci ya durƙusar. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa shirinta, UNV, a 1970, hedikwatarsa na Bon a Jamus. Najeriya ma tana da nata tun 1987, zamanin Babangida, wato TAC, mai tura ƙwararru ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik. Abin da ake ba ɗan sa-kai alawus ne na zama, ba albashi ba. Ni da na tafi da lissafin gina gida a Hanwa, fili kawai na iya saya.

Amma kuɗi ba shi ne babban kuskurena ba.

Laberiya aka tura ni, gundumar Lofa da ke arewa, ta hannun wata ƙungiya. Yaƙi ya tsaya a 2003, sojojin Najeriya ne suka fara sauka Monrobiya a watan Agusta, kafin rundunar Majalisar ta karɓi aiki a Oktoba. An karɓe makamai daga hannun mutum sama da 100,000. To, soja mai shuɗiyar hula zai iya karɓe bindiga, amma ba shi zai koya wa saurayin da ya girma da ita riƙon fartanya ba. Nan ne wurin irinmu. An ba ni samari kusan talatin, tsofaffin mayaƙa, in koya musu noman shinkafa da adana iri.

Na isa da girman kai, ba zan ɓoye muku ba. Mutumin da ya yi karatun gona a Samaru, inda ake fitar da irin masara da dawa da auduga ga Arewa baki ɗaya, wa zai nuna masa ajiyar hatsi? Na ga yadda suke yi: su yanke zangarniya ɗaya bayan ɗaya da 'yar wuƙa, su ɗaure dami-dami, su jibge a saman rufin madafa, mata na hura wuta a ƙasa, hayaƙi na turnuƙe shinkafar dare da rana. Na ce a raina wannan ai ƙazanta ce. Na tara samarin muka kwaɓa ƙasa da ciyawa, muka ɗora rumbu a kan duwatsu, irin na ƙauyukan Giwa, muka yi masa jinka mai kyau. Har hoto na ɗauka na saka a rahoto.

Akwai wata tsohuwa da ke dafa mana abinci, Mama nake ce mata. Ranar da muke zuba iri ta zo ta dafa bangon rumbun da tafin hannunta, ta shinshina hannun, ta faɗi wata magana da yarensu. Samarin suka yi shiru. Na tambayi tafinta, ya ce ai ba komai, gaisuwa take yi. Na san ba gaisuwa ba ce, amma ban bi ba'asi ba.

Da lokacin shuka ya matso muka ɗage jinka. Warin ne ya fara dukana. Na cusa hannu, sai na ji ɗumi kamar cikin tukunya, na ciro dunƙulen shinkafa baƙi ƙirin, fumfuna ta haɗe shi, ƙasa-ƙasa ma har ya tsira ya ruɓe. Rumbunmu na Zazzau da hunturu ya dogara, iskar da ke busar da komai har leɓen mutum. Ruwan da ke sauka a Lofa ya ninka namu, danshi kuwa ba ya barin iska. Hayaƙin da na raina shi ne hunturunsu: yana busar da iri, yana korar ƙwari. Daga baya tafintan ya faɗa mini abin da Mama ta ce: "Wannan ɗakin gumi yake yi." Ya ce ya ji nauyin faɗa wa baƙon da ya zo da mota mai tambari.

Ku lura da wannan, 'ya'yana. Farar motar da katin da ke wuyanka suna rufe bakin mutane. Ba za su ce ka yi kuskure ba, za su bar ka ka gani da idonka, kuma su ne za su kwana da asarar. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Don haka ka koyi yaren wurin ko da na gaisuwa da ciniki ne, kada ka rataya kunnenka a wuyan tafinta ɗaya. Wata ukun farko ka yi ta tambaya. In ka ga abin da ya yi maka kama da wauta, ka nemi wanda ya fi kowa tsufa ya faɗa maka dalili. In kuma dole ka gwada dabararka, gwada da mudu biyu, kada ka zuba irin gari duka.

Irin da muka shuka a shekarar, daga rufin madafar Mama da na maƙwabtanta ya fito, rance, muka biya bayan girbi.

Shi kuwa yaron masallaci, na duba takardunsa: digiri ne sabo fil, bai taɓa aiki ko na wata ɗaya ba. Na ce masa masu ɗaukar nan gogewa suke nema kafin takarda, kuma Faransanci zai buɗe masa ƙofofin da Turanci ba zai buɗe ba. Na haɗa shi da wani abokina mai gonar tumatir a hanyar Shika, ya yi rani ɗaya tukuna. Jiya na hango shi a kan babur, laka har gwiwa, ya ɗaga mini hannu bai tsaya ba.