Godiya ga waɗanda suka tsaya mana daren da faifan kwamfutarmu ya mutu

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, tun jiya da la'asar aiki ya koma daidai a ofishinmu da ke nan Katsina, kuma lissafin ko buhu ɗaya bai salwanta ba. Na ga ya wajaba in fito in yi godiya a bainar jama'a.

Duk lissafin kayan sito da bashin 'yan kasuwa yana cikin wata kwamfutar IBM ce, jikanyar AS/400 da ta fito a 1988. Ita ba ta ajiye fayil a faifai guda, watsa shi take yi a kan dukkan faya-fayen rukuni. In babu kariya, faifai ɗaya na mutuwa rukunin ya tafi gaba ɗaya, sai dai a koma kan kaset ɗin ajiya.

Daren Talata bayan isha'i faifai ɗaya ya mutu. Na buga WRKSYSSTS, umarnin da ke nuna halin da na'urar ke ciki, hannuna na rawa, sai idona ya faɗa kan layin ma'ajiyar da ba ta da kariya, adadin kuma sai hawa yake. Wallahi na ɗauka dukiyar mutane ce ke zaune a fili, gabana ya yanke ya faɗi.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga dattijon injiniyan da ya koya mini wannan aiki. Na tashe shi daga barci a Kano, bai nuna gajiya ba. Ya ce, "Ɗana, zauna tukuna, ka sha ruwa." Sannan ya warware mini cewa sunan layin nan gado ne daga zamanin da ake ware wani yanki na faifai ba kariya don kayan wucin gadi. Abin da yake ƙirgawa tarkacen ayyukan da ke gudana ne, waɗanda dama share su ake yi duk sanda aka sake tada na'ura. Littafin bashinmu ba ya ciki.

Amma bai bar ni na saki jiki ba. Ya sa na buga WRKDSKSTS, umarnin da ke nuna halin faya-fayen, na danna maɓallin F11, muka ga RAID 5, tsarin kariyar da ke rufe giɓin faifan da ya mutu, na riƙe da mu. Mutuwar faifai ɗaya kawai yake iya jurewa, na biyu na bin sa shi ke nan. Hawan adadin kuwa wani rahoto ne da aka bari yana ta cin wuri, kuma da ya cika faya-fayen da na'urar ta tsaya cak. Muka nemo shi muka kashe. Ya hana ni taɓa komai sai da na kwashe bayanan duka a kaset. Bayan asuba ya kamo hanya da sabon faifai a jakarsa. Baba, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa.

Ina godiya ga mai kula da janareta, wanda ya kwana a kan benci kusa da shi da jarkar gas don kada wuta ta yanke. Haka ma 'yan'uwa na kanta da suka yi wuni biyu suna yanka rasit da biro, da 'yan kasuwar da suka yi haƙurin layi. Maigidanmu ya amince a sayi faifai na ko-ta-kwana, Allah ya ƙara buɗi.

Uwargida kuma ta aiko da tuwo da miyar kuka tsakar dare, ni da mai janareta muka ci a ƙofar ɗakin na'ura. Allah ya bar zumunci, na gode ƙwarai.