Zan bar shagon, ga abin da aikin Mauser ɗin Alhaji ya koya min

Jama'a ƙarshen watan nan zan tattara kayan aikina in bar shagonmu na gyaran bindigogi, wasunku sun riga sun ji, wasu har sun kira ni suna tambaya wai ko faɗa muka yi da oga. Ba mu yi faɗa ba, ban taɓa ɗaga masa murya ba kuma ba yanzu zan fara ba. Amma tunda ƙannenmu ne za su ci gaba da zama a bencin nan gara in rubuta abin da idona ya gani, musamman kan bindigar Mauser ta kwastomanmu Alhaji, dan labarin ya zaga Jos daga Dilimi har Bukuru kuma ba daga bakina ya fita ba.

Bindigar ta mahaifinsa ce, ya saye ta a hannun wani Bature ma'aikacin kuza lokacin da Turawan Bukuru ke haɗa kaya suna komawa gida. Da tsohon ya rasu sai ta koma ma'ajiyar 'yan sanda ta zauna har Alhaji ya samu takardar kansa, tunda lasisi ba a cin gadonsa. Ƙotar asali, wato katakon da ƙarfen bindigar ke zaune a ciki, gara ta gama da ita ta ƙasa, amma ƙarfen wallahi sumul. Mauser 98 ce ta farauta ƙirar Oberndorf ta Jamus, harsashi 7x57, lambar da ke jikin sakata da ta jikin gidan sakatar duk ɗaya, ba haɗe-haɗe ba ce. Ranar da aka kawo ta Baba, tsohon sojan da muke aiki tare a shagon, ya ja sakatar baya ya tura gaba ya sake ja, sai ya kalle ni ya ce yaro je ka wanke hannunka kafin ka taɓa. Shi ya zaunar da ni ya nuna min abin da Paul Mauser ya ƙera tun 1898, kunnuwa biyu a gaba masu kulle sakata, na uku a baya na ko-ta-kwana, ga dogon farcen nan da ke cafke gindin harsashi tun fitowarsa daga ma'aji bai saki sai ya wurgar da kwanson, ga ramuka biyu a jikin sakatar dan in kwanso ya fashe zafin ya bi ƙasa kar ya doki idon mai harbi. Ya ce har Amurka ta kwaikwaya a Springfield ɗinta ta 1903 sai da ta biya kamfanin kuɗi, kamfanin Rigby na Landan kuma wannan harsashin suke sayarwa da sunan .275. Da .303 ce ta Ingila irin wadda su Baba suka riƙe a bariki ko kallonta ba za mu yi ba, dan dokar bindigogi ta 1959 ta saka .303 da 7.62 cikin na soja da aka haramta wa farar hula.

Aikina shi ne sabuwar ƙota. Alhaji ya so katakon wolnot na Turkiyya irin wanda Turawa ke amfani da shi, da aka buga masa lissafi da dala sai ya yi shiru, ni kuma na ce ranka ya daɗe ga madobiya a ƙasarmu, ta fi wolnot nauyi gaskiya amma tana da ƙarfi ga kyau, in ta sha mai sai ka ga jan nan da baƙin zane ya fito. Sharaɗi ɗaya na kafa a gaban oga da Baba, sai busasshiya. Matsalar ita ce busasshiyar madobiya ta yi wuya tun shekarun da 'yan kasuwa suka dinga sare ta suna lodawa zuwa Chaina, har aka saka ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin itatuwa da namun daji ke sa wa ido a 2017, to mai tsohon katako ba ya saki da arha.

Oga ya riga ya karɓi kuɗi ya kuma yi alkawarin za a gama kafin bikin ɗan Alhaji a watan Nuwamba. Cikin Agusta ana tsakiyar ruwa ya je kasuwar Katako ya dawo da wani falanki. Ina ɗagawa na ji nauyin ba na itace kaɗai ba ne, na sa zarto a gefe garin ya fito a dunƙule da danshi. Na ce oga ranka ya daɗe katakon nan da ruwa a jikinsa. Ya ce kai yaro ni na buɗe shagon nan ko kai? Na ce kai ne oga, amma masu katako shekara guda suke ba kowane inci ɗaya na kauri ya bushe a inuwa, ƙota kuma daga katakon da ya haura inci biyu ake fidda ita, wannan ko wata uku bai yi da sarewa ba. Ya ce in ba zan yi ba in faɗa masa akwai masu neman bencin. Baba yana zaune yana ji, da yamma ya sake masa magana a gefe, bai saurara ba.

Na yi aikin kuma ban yi shi da rabin zuciya ba. Wanda bai taɓa zaunar da ƙarfe cikin katako ba ba zai gane ba, ba wai ka fafe rami ka jefa ba ne. Fitilar aci-bal-bal nake kunnawa in shafe ƙasan ƙarfen da baƙin hayaƙi, in sa shi a hankali in ɗan danna in cire, duk inda baƙi ya taɓa nan ne katako ya yi tsayi sai in kankare da ƙaramin cizal, abin da ke fita bai kai kaurin takarda ba, in sake shafawa in sake sakawa, haka za ka wuni idonka na yaji wuyanka na ciwo kuma in mutum ya leƙo sai ya ga kamar ba ka yi komai ba. Na duba jijiyar katakon na tabbatar ta miƙe ta wuyan ƙotar inda hannu ke riƙewa, dan nan ne wuri mafi siriri kuma nan shurin bindiga ke bi. Na auna tsawon hannun Alhaji da faɗin kafaɗarsa dan in ya ɗaga idonsa ya faɗa kan saiti ba sai ya lanƙwasa wuya ba. Na bar ɗan sarari a bayan jelar ƙarfen kamar yadda Baba ya koya min. Da aka miƙa ta ranar bikin kowa na ta yabo, ni kaɗai cikina ke ɗurar ruwa dan na san hunturu na tafe.

Ku da kuka san Jos kun san Disamba, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, ƙofar da ke cijewa da damina ta koma tana rawa a firem. Iskar ta zuƙe ruwan da ke cikin madobiyar nan, gaban ƙotar ya murɗe ya danne bututun ta gefe ɗaya, harbi ya fara kaucewa daga inda aka saita. Mafi muni katakon da ke tare shuri a ƙarƙashi ya ja baya, sai duk ƙarfin ya koma kan jelar, ta shiga katakon kamar ƙarfen da mai faskare ke kafawa a gungume. Tsagewa ta fito daga bayan jela ta gangara wuya.

Alhaji ya zo da ita a naɗe, bai yi hayaniya ba, mutum ne mai kawaici. Oga ya karɓa ya juya ta ya juya, sannan a gaban Alhaji da yaran shago da wani kwastoma da ban ma sani ba ya nuna ni ya ce yaron nan ne, na faɗa masa ya bi a hankali amma yaran yanzu gaggawa gare su. Wallahi har yau in na tuna sai in ji kunnena na zafi. Baba ba ya nan yana kwance ba lafiya, babu mai shaidata. Na buɗe baki na rufe, dan in na ce oga kai ka sayo ɗanyen katako na tsinka shi gaban baƙo, kuma ba haka aka rene mu ba. Ƙarshen wata ya yanke kuɗin katakon daga albashina.

Akwai kuma abin da mutane ba su sani ba. Cikin rashin lafiyar Baba oga ya ɗauki gidan sakatar ya ba sabon yaro ya ce ya kai kan injin goge ƙarfe ya sa shi ƙyalli dan Alhaji ya huce. Allah ya sa na shigo da wuri, amma kafin in kashe injin rubutun Oberndorf ya riga ya dusashe ta gefe ɗaya, kusurwoyin da suka shekara kusan ɗari da kaifinsu sun kwanta. Tsohon ƙarfen Mauser fatarsa ce kawai aka taurara, cikinsa da laushi, in ka cinye fatar nan a inda sakata ke kullewa ka kashe bindigar. Kuma saura kaɗan injin ya hau kan lamba, lambar da ke rubuce a lasisin Alhaji da kuma rajistar shago. A garin da ya ga rikicin 2001 da 2008 da 2010, ga shingen jami'an tsaro a kan hanyoyi, bindiga mai gogaggiyar lamba ta fito daga bencinka me za ka ce musu? Yaron ba shi da laifi, abin da aka ce ya yi ya yi. A ranar na san zamana a shagon ya zo ƙarshe, sai dai ba zan tafi in bar ƙotar nan a tsage da sunana a kai ba.

Da Baba ya miƙe shi ya tuna da wani tsohon kafinta a Bukuru da ya daina aiki, saman bencinsa madobiya ce mai kauri tun zamanin kamfanonin kuza. Muka je muka gaishe shi muka yi ciniki, da kuɗina na saya. Katakon nan in ka ƙwanƙwasa ƙara yake yi, cizal na shiga yana fidda ɓawo siriri mai sheƙi, ga ƙamshi. Bayan an tashi daga aiki nake tsayawa in yi. Wannan karon na sa ƙusar ƙarfe a gicciye bayan inda ke tare shuri, na bar bututun ba ya taɓa katako har takarda na wucewa a ƙarƙashinsa, na shafe cikin ramin da mai dan kar danshi ya samu ƙofa. Man linsid kuma ba a yi masa gaggawa, ɗigo kaɗan a tafin hannu ka murza har ya yi ɗumi ka rataye ya sha ya bushe sannan ka ƙara. Zanen riƙo, wato tsagar da ke hana hannu zamewa, layi 20 a inci na yi, da hannu, in layi ɗaya ya kauce duk sauran za su bi shi. Baba ya mayar wa ƙarfen launinsa ta tsohuwar hanya, a bar shi ya yi tsatsa siririya a dafa a ruwa a goge a sake, har ya koma baƙi mai laushin gani. Oga ya so a huda ƙarfen bindigar a ɗora madubin hange dan yana da na sayarwa, ni da Baba muka ce a'a, sai an sauya hannun sakata da makullinta kuma ramin da ka huda ba ya komawa, Alhaji ma ya ce yadda babansa ya riƙe ta haka yake so.

Ƙotar nan ta ga damina ta ga hunturu ba ta motsa ba. Wata rana Alhaji ya shigo oga ba ya nan ya same ni ina zanen wata ƙotar, ya tsaya ya daɗe yana kallon hannuna, sai ya ce ɗana ashe haka ne, Allah ya yi maka albarka. Iyakar abin da ya faɗa ke nan kuma ya ishe ni. Oga kuwa ya ɗauki hotonta ya saka a WhatsApp ya rubuta aikinmu ke nan.

To ƙannena, duk abin da kuka ce ba zai yiwu ba ku rubuta shi a littafin aiki da kwanan wata, ko oga bai sa hannu ba a samu wani babba ya gani. Ni baki kawai na yi, shi ya sa aka juya min magana. Katako in ya shigo ku rubuta ranar a jikinsa da alli ku shafe bakinsa biyu da fenti ku ɗora a sama. Tsohuwar bindiga kar kowa ya harba sai Baba ya sa ma'auninsa a ɗakin harsashi ya ce to. Sukurudireba in bai cika bakin sukuru daidai ba ku ajiye shi ku nemi wani. Wanda ya zo ba lasisi, ko ɗan unguwarku ne ko da daddare ya zo da kuɗi a leda, ku ce Allah ya ba da haƙuri, izinin gyara da shagon ke da shi na masu takarda ne. Wa ya kawo me kuma ba hirar teburin mai shayi ba ce.

Aikin dama ya ja baya tun da 'yan sanda suka dakatar da ba da sabon lasisi a 2023, ni zan koma kujeru da ƙofofi a Rikkos, aikin da na fara da shi. Baba na roƙe ka ka yafe min duk inda na saɓa maka. Kuɗin da aka yanke na bar shi, ba zan nema ba, amma maganar da aka faɗa a gaban Alhaji ban yafe ba tukuna.