Tafiyar da Ƙungiyoyin Agaji Ilimi Ne da Ya Kamata Jami'o'inmu Su Koyar

Da wuya ka sami unguwa a cikin Sakkwato da ba ta da ƙungiyar taimakon marayu, ko gidauniyar biyan kuɗin magani ga marasa lafiya, ko taron matasa masu gyaran maƙabarta da rijiyoyin burtsatse. Mafi yawan waɗanda suka kafa su mutanen kirki ne da tausayi ya motsa su, kuma sukan fara da kuɗin aljihunsu. Abin da ke damuna shi ne yadda da yawa daga cikin ƙungiyoyin nan ke dusashewa da zarar wanda ya kafa su ya tsufa, ko ya rasu, ko aiki ya ɗauke shi zuwa wani gari. A ganina ƙarancin sanin yadda ake tafiyar da ƙungiya ne ke kashe su, kuma wannan sani ne da jami'a za ta iya koyarwa kamar yadda take koyar da aikin akanta ko shari'a.

Na taɓa halartar zaman wata ƙungiyar marayu inda wani attajiri da ke son ba da tallafi mai tsoka ya nemi a nuna masa lissafin shekarar da ta wuce. Ma'aji ya fito da littafin rubutu irin na 'yan firamare, da tarin rasit a cikin leda, wasu tawadarsu ta goge, sannan aka gano cewa gudummawar jama'a tana shiga asusun bankin shugaban ne na kansa. Babu wanda ya ci ko sisin kwabo, na san mutanen kuma na yarda da amanarsu, amma babu hanyar da za su tabbatar wa baƙo hakan. Attajirin ya yi musu addu'a, ya ba da ɗan abin da ya sawwaƙa, babban tallafin kuwa bai zo ba.

Ɗalibin da aka shirya domin wannan aiki zai fara ne da sanin doka. Dokar kamfanoni ta CAMA ta shekarar 2020 ta tanadi yadda ake yi wa ƙungiya rajista da kwamitin amintattu a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, da wajibcin miƙa rahoto duk shekara, har ma sashe na 839 ya ba hukumar ikon dakatar da amintattu idan aka sami almundahana ko sakaci, sashen da ya jawo muhawara mai zafi lokacin da aka sa wa dokar hannu. Akwai kuma rajista da ofishin SCUML mai yaƙi da halatta kuɗin haram, da ke ƙarƙashin hukumar EFCC, wadda bankuna kan nema kafin su buɗe wa ƙungiya asusu. Bayan doka sai lissafi: yadda ake tsara kasafin kuɗi, yadda ake raba kuɗin da mai bayarwa ya keɓe wa wani aiki daga kuɗin gudanarwa, da dalilin da ya sa wanda ya amince da kashe kuɗi bai kamata ya zama shi ne mai fitar da su ba. Sai kuma abin da ya fi wuya, wato bambanta aikin amintattu masu sa ido da aikin ma'aikata masu zartarwa, domin a wurinmu sau da yawa mutum ɗaya ne shugaba, shi ne ma'aji, shi ne kuma mai binciken kansa.

A wasu wurare tuni wannan fanni ya tsaya da ƙafarsa. Jami'ar Indiana ta Amurka ta buɗe makaranta guda sukutum ta nazarin ayyukan alheri a 2012, kuma Makarantar Kasuwanci ta Legas tana da shirin horar da shugabannin ƙungiyoyi masu zaman kansu. A nan gida, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da aka kafa a 1975 tana da sassan akanta, da gudanar da mulki, da tattalin arziki, da nazarin zamantakewa, da shari'a, da nazarin addinin Musulunci. Kayan aikin duk suna nan, sai dai a warwatse suke, kowane sashe da nasa. Abin da nake fata shi ne a haɗa su cikin kwas ɗaya mai manufa, ko da difloma ce ta bayan digiri da ma'aikata za su iya halarta a ƙarshen mako.

Amma ina da sharaɗi ɗaya da nake riƙe da shi sosai: kada kwas ɗin ya tsaya ga koya wa ɗalibai rubuta takardar neman tallafi daga ƙasashen waje. Mun ga abin da ya faru a watan Janairun 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a ƙetare, daga baya kuma ta rufe hukumarta ta ba da tallafi, USAID, ayyukan lafiya da na abinci mai gina jiki suka tsaya cik a wurare da dama, ma'aikata suka koma gida. Ƙungiyar da duk numfashinta ya rataya ga kuɗin waje ba ta da ikon kanta. Mu kuwa muna da zakka da wakafi, kuma Jihar Sakkwato tana da Hukumar Zakka da Wakafi da doka ta kafa. Wakafi dukiya ce da ke buƙatar mai kula: gidan haya da aka yi wakafinsa domin marayu yana son a karɓi haya a kan lokaci, a ware kuɗin gyaran rufi kafin damina, a rubuta sharuɗɗan mai wakafin yadda magada ba za su tayar da rigima ba bayan shekaru. Matashin da ya san fikihun wakafi kuma ya iya lissafin zamani, shi ne ma'aikacin da muke da ƙarancinsa.

Game da jagoranci kuwa, ba sai mun je nesa neman abin koyi ba. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, ta tsara 'Yan Taru ta hanyar naɗa jajis, mata masu hankali da ake ba malfa a matsayin alamar muƙami, su jagoranci matan ƙauyuka zuwa neman ilimi, su kuma koma su koyar da abin da suka samo ta hanyar waƙoƙi. Da ta rasu a 1864 aikin bai mutu ba, 'yar'uwarta Maryam ta ci gaba da shi, domin an riga an raba nauyi an kuma horar da masu ɗauka. Wannan darasi ne a kan raba iko da shirya magaji, kuma ya cancanci a nazarce shi a aji da idon mai koyon gudanarwa.

Na san wasu iyaye za su ce aikin Allah ba sana'a ba ce, bai dace mutum ya yi digiri domin ya ci albashi daga kuɗin taimako ba. Ina girmama wannan tsoron, amma aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa ma'aikatan zakka cikin rukuni takwas da ke da rabo a cikinta. Ma'aikaci mai albashi bayyananne, wanda aka rubuta aikinsa kuma ake bincikar lissafinsa, ya fi kare haƙƙin maraya a kan ɗan sa-kai da ke zuwa sai ranar da ya sami sarari.

Kafin a samar da irin wannan kwas, ɗalibin da ke da sha'awa zai iya ɗaukar darussan zaɓi daga sashen akanta da na shari'a, ya yi aikin bincikensa na shekarar ƙarshe a kan wata ƙungiya ta gaske, ya kuma nemi horon sanin makamar aiki a inda ake da tsari, kamar Asibitin Noma na Sakkwato, mai kula da masu cutar noma da ke cin naman baki da fuska, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa tun 2014. Malamai su ma za su iya tura ɗalibansu rukuni-rukuni zuwa ƙananan ƙungiyoyin unguwanni, su taya su buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, su rubuta musu tsarin mulki, su shirya musu lissafin shekara, a kuma ba su maki a kan wannan aikin kamar kowace jarrabawa.